Jikata Ta Guji Karatuna

Hajiya, salamu alaikum. Taimako nake nema, amma kafin in faɗi abin da ke tafe da ni ina so ki san da wa kike magana, don kada ki ɗauka irin mutanen nan ne da suka saba kai kuka. Ni ban taɓa kai kukana wurin kowa ba. Wannan ce wasiƙar farko da na rubuta wa jarida tun da uwata ta haife ni.

Ni kafinta ne. Da zarto da guduma na fara, a gindin bangon wani, ko rumfa babu. In rana ta juyo sai in ja bencina in bi inuwa. Ban gaji shago ba, ban gaji ko ƙusa ba. Babu ɗan uwan da ya ɗaure mini gindi, babu mai kuɗin da ya ce zo ga jari. Yau shagona yana bakin titi, da injin yanka da na firar katako, da magidanta da ke cin abinci a ƙarƙashina. Gidan da nake ciki ni na gina shi tun daga tushe har rufi, kuma duk wata ƙofa da taga da ke jikinsa hannuna ne ya yi ta. 'Ya'yana kaf na sa su makaranta har suka wuce inda na tsaya, don ni iyakata sakandare, ita ma da kyar da jiɓin goshi. Amma na iya karatu da rubutu daidai gwargwado, ga shi ma kina gani. Sannan Allah ya ba ni wata baiwa. A nuna mini hoton gado ko kujera ko kabad, a waya ne ko a takarda, in ƙura masa ido na ɗan lokaci, shi ke nan, na san irin katakon, na san inda aka haɗa, na san inda ƙusa ta shiga ko da ba a ganinta. In na ƙera, mai hoton sai ya rasa wanne ne na asali. Kuma duk abin da ya fita daga shagona, ki kifa shi ki duba ƙarƙashinsa, za ki tarar da sunana da fensir. Ban taɓa sakin aiki ba suna ba.

Alhamdu lillahi, ba ni da wata damuwa ta a zo a gani. Lafiyata ƙalau sai ɗan ciwon gwiwa, mai ɗakina tana nan muna ta fama da juna kamar yadda muka saba, tukunya ba ta kwana ba a ɗora ba. To me ya kawo ni? Yarinya 'yar shekara biyar ce ta kawo ni.

Jikata ce, 'yar babban ɗana. Suna zaune tare da mu a sashen baya kafin su ƙarasa nasu ginin. Manaja muke ce mata, don tun tana rarrafe take ba da umarni. In aka kawo ta shago sai ta harɗe hannu a baya ta shiga zagaye tana duba aiki, wai wannan kujera ƙafarta ɗaya ta fi guntu, wai wane yana zaune bai yi komai ba tun ɗazu. Ma'aikatana har miƙewa suke yi in ta shigo, suna ranki ya daɗe Manaja, ita kuwa ko murmushi ba ta yi, sai ta gyaɗa kai ta wuce. Abin da ba ta iya jurewa a duniya shi ne ta ga an yi abu ba daidai ba, ko takalmi aka ajiye a karkace sai ta gyara. Ita ke zaɓar mini hula. Ita kaɗai ce take ce mini in yi shiru kuma in yi. In na dawo daga shago da la'asar, kafin in cire takalmi ta riga ta haye gwiwar nan mai ciwo tana karkaɗe mini garin katako daga gemu, tana mita wai kullum sai Kaka ya kwaso musu datti.

Da aka sa ta makaranta sai na ce a raina, abin da ban samu ba ita za ta samu. Ni na tashi gidanmu babu littafi ko na jingina ƙofa. Na zaɓi katako mafi kyau a shago, wanda na daɗe ina ɓoyo, na ƙera mata kabad na littattafai mai ƙofar gilas, na sa masa makulli don kada yara su yi ɓarna. Da kin gan shi, Hajiya, da kin ce daga waje aka shigo da shi. Na kafa shi a falo inda duk mai shigowa zai gani. Sannan na sa babbar riga na tafi kantin littattafai da kaina.

Ni dai yadda na san ana sayen kaya haka na saya. In ɗaga in ji nauyi, in ƙwanƙwasa bango in ji ko mai ƙwari ne, in buɗe in ga ko rubutu ya cika shafi. Yarinyar da ke tsaron kantin ta tambaye ni shekarun mai karatun, da na gaya mata sai ta kwaso mini wasu 'yan sirara, kowane shafi hoto ya cinye shi, sai layi ɗaya ko biyu can ƙasa kamar an manta da su. Na ce mata 'yata, ni ba yau na fara sayen kaya ba, wannan ai katakon da gara ta cinye cikinsa ne, sai fenti a waje. Ta so ta yi mini bayani, na ce ta bar shi. Na ɗauko masu nauyi: na tarihin duniya, na taurari da duniyoyi, ƙamus, da wani babban littafin labarai mai kauri kamar bulo. Shi wannan na ƙarshe yana da hotuna jefi-jefi, shi ne ma muka fara da shi.

Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a baranda, in buɗe kabad, in ɗauko littafi, ta hau gwiwa. Da farko abin gwanin sha'awa. Amma ba a daɗe ba na lura da wani abu: yarinyar nan ba ta kallon rubutu sam. Idonta yana kan hoto. Ina tsakiyar layi ina nuna mata da yatsa, sai ta tare ni wai akuyar nan za ta faɗa rijiya. Na ce wa ya gaya miki? Ta ce ga rijiyar can a bayanta ba murfi, kuma akuyar baya-baya take tafiya. Muka juya shafi, wallahi akuya ta faɗa rijiya. Mai ɗakina da ke tsintar shinkafa a gefe ta hau tafi tana jikata mai kai. Ni kuwa raina bai so ba. A wurina wannan satar amsa ce. Mu a zamaninmu in malami ya kama ka kana canka daga hoto, ranar sai ka gwammace ba ka zo ba.

Sai na nemo magani irin nawa. Na yanko ɗan katako marar kauri daidai faɗin shafi, na goge shi da samfefa har ya yi santsi kamar tafin jariri, na kashe kaifin kusurwoyinsa don kada ya ji mata ciwo, har ɗan mariƙi na sa masa. In mun buɗe shafi sai in rufe hoton da shi. In karanta, in nuna mata kalma, in tambaye ta. In ta amsa daidai in ɗaga katako ta ga hoto, in ba ta amsa ba mu sake. Haka nake koya wa duk wanda ya zo koyon aiki a shagona: ba ka taɓa inji sai ka iya awo. Kuma babu wanda ya fita daga hannuna ya zama abin dariya.

Ranar farko ta ɗauka wasa ne, har tana leƙen ƙarƙashin katakon. Daga nan sai uzuri ya fara yawa. Da na buɗe kabad sai ƙishirwa ta kama ta. In ta sha ruwa sai fitsari. In ta dawo sai wai ƙafarta tana ciwo, ko kuwa wai ta ji mamanta tana kiranta, alhali mamanta ta fita unguwa. Wata rana ta dube ni ta ce ita yau ta ba ni hutu, in huta da gwiwata. Tun daga ranar hutun bai ƙare ba. Yanzu in na dawo, daga bakin ƙofa take ce mini Kaka sannu da zuwa, ta zarce ɗakin kakarta. Gemuna ni nake karkaɗe abina.

A ɗakin kakar tata akwai wani ɗan littafi da uwarta ta samo mata, irin waɗancan da na ƙi saye. Bangonsa ya yage, mai ya taɓa shi, wani shafin ma da zare aka ɗinke. Labarin wata tsohuwa ne da iska ta kwashe mata shanya, kowane shafi sai a ga wata dabba ta sa wani abu daga cikin kayan, akuya da zane, zakara da hula, jaki da safa a kunne. Iyakarsa ke nan. Mai ɗakina karatun bokonta bai yi nisa ba, ga idonta ya yi rauni, don haka ba ta ma damu da rubutun ba, daga hoton take shirya labarinta, yau ta faɗa haka gobe ta canza, ita kuma Manaja tana gyara mata. Ina zaune a baranda da littafina mai nauyi a cinya ina jiyo dariyarsu har da buga ƙafa. Littafi ɗaya fa, kullum shi, kamar ba sa gajiya.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne a shago. Wata mata ta zo da hoton kujerun falo da ta yago daga mujalla tana so in yi mata irinsu. Na shimfiɗa takardar a kan benci na sunkuya ina nazarinta. Ashe uban Manaja ya biyo da ita daga makaranta. Ban ankara ba sai na ga ɗan hannu ya ɗora guntun katako a kan hoton, dam. Na ɗago, ga ta tsaye ta haɗe rai, wai Kaka babu kallo, a karanta tukuna. Hajiya, shagon nan sai da ya kaure da dariya. Mai yanka dole ya kashe inji don dariya ta hana shi riƙe katako. Matar tana ta tambaya me ya faru, ɗana ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na yi dariyar, me zan yi? Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai.

Na tuntuɓi mutanen gida, kowa da tasa. Ɗana ya ce Baba a bar ta ta sha iska, lokacinta bai yi ba. Surukata yarinya ce mai kunya, ba ta iya musu da ni, kullum ita ke goge gilas ɗin kabad, amma ta aiko ta bakin mai ɗakina wai malamar su Manaja ta ce hoto ba ya hana karatu. Ita kuwa mai ɗakina ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce ni na kori jikata da hannuna, wai duk garin nan babu wanda ya taɓa goge abin korar jika da samfefa sai ni. Ta ce in kabad ɗin nawa yana jin kaɗaici in shiga ciki in taya shi zama, ta kulle mu ta riƙe makullin.

Ni ma fa ina da hujjata. Duniya ba hoto ba ce. Jarrabawa ba a zana wa yaro amsa a gefe. Ina ganin yaran yanzu yadda waya ta mai da su, ido a kafe baki a buɗe, ba sa iya zama da shafi guda na rubutu. Ba na so Manaja ta zama haka. Ni na san abin da rashin karatu mai zurfi ya hana ni, ko da yake ban bari ya tsayar da ni ba, kuma ba na so ta ɗanɗana ko kaɗan daga ciki.

Amma ga abin da ke damuna na gaskiya. Ginin ɗana ya kusa ƙarewa, can ƙarshen gari, sai an shiga mota. Ƙofofin gidan ma a shagona suke, kuma ni da ban taɓa saɓa wa mai aiki alkawari ba, na lura hannuna ya yi nauyi a kansu, kullum sai in ga wani wurin da bai gogu ba. In yarinyar nan ta bar gidan nan a haka, da me za ta riƙa tuna ni? Kakarta mai labarin akuya da zane, ni kuwa mai katako.

Don haka ki taimake ni da abu biyu. Ki gaya mini irin littattafan hotuna da labaran yara da suka cancanci a saya, masu nama a jiki, ba fenti kawai ba. In akwai su zan saya, ni ba na ƙin gaskiya. Sannan ki gaya mini yadda zan dawo da Manaja kan gwiwata ba tare da mai ɗakina ta samu abin yi mini waƙa har ƙarshen rayuwata ba.

Na ga kuna ɓoye sunayen masu rubuto muku, ku sa wata baiwar Allah ko wani bawan Allah. Ni ban yi abin kunya ba. Ga cikakken sunana nan a ƙasa da na shagona, a buga su yadda na rubuta, kada a rage ko harafi. Na gaya miki ban taɓa sakin aiki ba suna ba, wannan wasiƙa ma aikina ce.

Kafinta, kakan Manaja

Amsa

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Na karanta wasiƙarka da murmushi tun daga farko har ƙarshe, kuma zan fara da gaya maka cewa matsalarka irin wadda ake roƙon Allah ya ba mutum ce. Gida lafiya, sana'a lafiya, jika mai kaifin kai, da kaka wanda ya damu da karatunta har ya ƙera mata kabad da katakon da ya fi so. Da yawa daga masu rubuto mini za su yi musaya da kai da gudu.

Kana da gaskiya a wurare da dama. Karatu sai an koya, haruffa ba sa shiga kai da kansu, kuma tsoron da kake yi wa waya tsoro ne mai tushe. Amma hoton littafi da hoton waya ba ɗaya ba ne. Na waya shi ke gudu, yaro yana zaune kamar an dasa shi. Na littafi yana tsaye cik, yaron ne zai yi aikin: ya duba, ya haɗa wannan da wancan, ya yi tunanin abin da zai biyo baya. Ka koma kan akuyar nan. Manaja ta ga rijiya ba murfi, ta ga akuya tana tafiya da baya, ta haɗa biyun ta fitar da sakamako. Wannan ba satar amsa ba ce, fahimta ce, kuma ita ce abin da ake wahalar koya wa manyan ɗalibai daga baya. Ka san daga wa ta gado? Kai da bakinka ka gaya mini akan nuna maka hoton gado ka ga inda ƙusa ta shiga ko da ba a ganinta. Da wannan idon ka gina shago da gida. Shi ne ya fito a jikarka, kai kuma ka rufe shi da katako. Ranar da ta ɗora maka guntun katako a kan hoton kujeru ba rashin kunya ta yi ba. Ta ba ka amsar wasiƙarka ne kafin ka rubuta ta.

Game da littattafan, ba zan jero maka sunaye ba, don abin da ke wannan kanti ba lalle ne yana wancan ba. Gara in ba ka awo ka tafi da shi. Littafin yara ba a auna shi da nauyi. Ka buɗe shafi ka karanta layin da ke ƙasa, sannan ka dubi hoton: in hoton yana faɗin wani abu da rubutun bai faɗa ba, kamar rijiyar nan, to littafi ne mai nama a jiki. In hoton ado ne kawai, ka ajiye. Ka karanta shafin farko a bayyane nan cikin kantin, kada ka ji nauyin kowa. In harshenka ya tafi sumul, ka ɗauka, in yana tuntuɓe, nata kunnen ma zai yi tuntuɓe. Ka leƙa ƙarshen labarin don ka tabbata ba abin da zai firgita ta. Ɗinkin bango da ƙwarin takarda kuwa ba sai na koya maka ba.

Ka fara da tatsuniyoyi masu zane cikin harshen da take magana da shi a gida, don yaro ya fi saurin kama rubutun maganar da ya riga ya sani. Ka nemi labaran da ake maimaita jimla ɗaya a kowane shafi. Irinsu ne yaro ke haddacewa, wata rana ya ɗora yatsa a kan kalma ya gane ita ce wadda bakinsa ke faɗa, daga nan karatu ya kama. Wannan ne ya sa ɗan yagaggen littafin tsohuwa da shanya yake aikin da ƙamus bai yi ba, kuma maimaicin da kake gani kamar ɓata lokaci shi ne darasin. Tunda Manaja ce, ka samo mata masu nuna yadda ake aiki: yadda ake gina gida, yadda ake ɗinka riga, abin da ke cikin mota. A nan kai ne malamin da babu kamarsa. Ka haɗa da guda wanda yaran cikinsa suka yi kama da ita da gidansu, da guda na ban dariya zalla wanda ba ya koyar da komai. In ka samu wanda babu rubutu a cikinsa sam, shi ma ka ɗauka, ita za ta karanta maka. Kuma kada ka tafi kantin kai kaɗai. Ka tafi da ita, ta zaɓi nata ka zaɓi naka, ka kuma saurari yarinyar kantin a wannan karon, ta san kayanta kamar yadda ka san naka.

Manyan littattafanka ba asara ba ne, ranarsu tana zuwa, su zauna a kabad ɗinsu. Amma ka ƙera wata 'yar kanta gajera daidai ƙirjinta, ba gilas ba makulli, wadda littafi zai tsaya a kai fuskarsa tana kallon mai zuwa. Za su yage, za su sha mai. Littafin yaro da ya tsufa da tsabtarsa ba a karanta shi ba ne. Katakon nan mai mariƙi ka cire masa mariƙin ka sa shi a jikin kantar, ya yi aikin kirki ko sau ɗaya. Nuna kalma da yatsa ka ci gaba da yi, amma sama-sama, ba tare da jarrabawa a ƙarshen shafi ba. Shago daban, gwiwar kaka daban.

Yadda za ka dawo da ita kuwa, kada ka kira ta, kada ka yi mata alkawarin alewa. Ka ari ɗan littafin nan wurin Hajiyarka. Za ta yi maka waƙar, ka haƙura, ta ci wannan, kuma waƙar da ba a tanka ba ba ta daɗewa. Ka zauna a baranda bayan la'asar ka buɗe shi ka karanta da ƙarfi kai kaɗai, amma ka karanta ba daidai ba. Ka ce zakara ne ya ɗaura zane, akuya ta sa hula. Ai kai ka gaya mini ko takalmi aka ajiye a karkace sai ta gyara. Ba na jin za ka kai shafi na uku kafin Manaja ta fito duba aiki. In ta zo, ka yi musu kaɗan, ka bari ta kayar da kai da hujjar hoto.

Ƙofofin nan kuma ka ƙarasa su, ka ba masu gida kayansu. Ka yi kantar guda biyu, ɗaya a gidanka ɗaya a nasu, littattafai su riƙa kai da kawowa. Yaron da ya bar labari a rabi a gidan kakansa shi ke tayar da iyayensa su kawo shi.

Saura maganar suna. Ka gafarce ni, ban buga ba. Ƙa'idar filin nan ce, balle da yarinya a cikin zancen, wadda wata rana za ta girma ta ga an ba da labarinta a jarida. Amma na yarda da kai, bai kamata aikinka ya fita ba suna ba. Duk littafin da ka saya mata, ka buɗe bangon farko ka rubuta sunanka da fensir ɗin nan naka, da manyan haruffa, ka sa nata a ƙarƙashi. Duk ranar da za a buɗe littafin da sunanka za a fara cin karo. Kada ka yi mamaki in ya zama shi ne kalmar farko da ta karanta da kanta, ba hoto a gefe.

Allah ya ƙara wa gwiwa lafiya, don aiki na nan tafe gare ta. A gaishe da Hajiya, a kuma miƙa gaisuwata ga Manaja, ranta ya daɗe.